Mil Dubu Uku na Abdulganiyyu

Abdulganiyyu ɗan gwaggona ne, ni kuma ɗan kawunsa. Taubasai ke nan muke, kuma wannan kaɗai ya sa har yau haƙorana suke cikin bakina. Na taɓa lissafa waɗanda ya zubar wa mutane a unguwarmu ta Misfala, na ga za su cika mudu har a yi masa tozo. Matarsa Shatu ta ce ƙarya nake, bakwai ne kacal. To, bakwai ɗin ma ai masu su suna so.

Ni, Idrisu, a nan Makka aka haife ni, don mahaifina ya zo tun zamanin Turkawa. Shi kuwa Gani da ƙafa ya zo. Ya baro ƙasar Haɗeja yana saurayi, shi da uwarsa, gwaggo Ramlatu, da jaki ɗaya wanda bai kai ko Barno ba. Suka yi noma a Abashe shekara biyu don samun guzuri. Tsakanin Fashir da Nuhud gwaggo ta kwanta ba ta tashi ba, ya haƙa mata kabari da ɓarin ƙwarya da farcensa. Ya ci gaba shi kaɗai, ya tsinki auduga a Madani, ya yi dako a Sawakin, ya hau kwale-kwale ya ƙetare ruwa. Shekara tara cur. A 1355 ta hijira ya ƙwanƙwasa ƙofarmu, tafin ƙafarsa ya yi kaurin da in ya taka ƙusa, ƙusar ce ke lanƙwashewa.

Daga wannan tafiya ya fito da ilmi guda ɗaya tak, kuma bai yarda a taɓa masa shi ba. Duniya faifai ce, Makka ce tsakiyarta, garinsu kuma yana can gefen yamma, bayansa sai 'yan ƙauyuka sai ruwa. Saboda haka shi rabin duniya ya taka. Wani mai gurasa ya taɓa ce masa ƙasarsu ta fi Haɗeja nisa, Gani ya tusa masa kai cikin buhun gari, ya zauna a kai har ya gama cin gurasa biyu. Wani direban lori ya ce ai mota wata ɗaya za ta yi wannan tafiya, aka kwashe shi a kan ƙyaure. Ni kaɗai nake iya ce masa, "Rabin duniya, ban da kwana ukun da ka yi kana amai a kwale-kwale," ya ciji leɓe ya wuce.

Sana'arsa ɗaukar ruwa. Kowace safiya yana bakin bazan, wato babban ma'ajin ruwan unguwa, da sandarsa ta gora mai garwa biyu. A bazan mutum ba ya bin layi, sandarsa ce take bi. Ka jingina ta a gurbinka, ka je ka sha shayi, ba mai taɓa ta. Gani ya fara daga ƙarshen layi, cikin shekara goma sha uku sandarsa ta kai ta uku, ga gidaje manya da ba sa shan ruwan kowa sai nasa. Da ita yake ciyar da Shatu da 'ya'ya mata huɗu, bai san wani aiki ba.

Masu ruwa suna da shugabansu, Shehu Mukhtaru, tsoho mai ido ɗaya. In an yi laifi sai ya shimfiɗa buzun rago a ƙasa, wanda suke kira farwa, a kwantar da mai laifi a kai, a ba shi tsumagiya. Sau biyu Gani ya kwanta a kan farwa saboda rabin duniya. A na biyun Shehu ya ce masa a gaban kowa, "Ya Gani, karo na uku babu bulala. Sandarka zan karya a gwiwata, kuma babu bazan a Makka da zai ba ka ɗigo." Daga nan Gani ya naɗe hannuwansa. Shekara ɗaya da rabi bai mari ko ƙuda ba, har ya rame.

Ni kuma lokacin ba ni da aikin da za a kira aiki. Na yi makaranta shekara biyu aka sallame ni, don na zuba wa malami tawwada a cikin shayi. Abin da na tsira da shi ya ishe ni rubuta wa alhazai wasiƙa, rabi abin da suka faɗa, rabi abin da na ga ya fi daɗi. Sauran yini ina gidan gahawa ina neman wanda zan tsokana.

A gidan gahawar nan, wata ranar Talata bayan la'asar a 1368, na tarar an kewaye Isa Afandi. Bahaushe ne haifaffen unguwar Jarwal, malamin lissafi a wata makaranta da ke bayan unguwarmu, siriri mai tabarau, wanda in ya yi Hausa rabinta Larabci ne. Ya ɗaga lemon tsami ɗaya yana cewa, "Shuf, ku duba, ya jama'a. Duniya haka take, ƙwallo. In ka ɗaura mata igiya a ƙugu, mil dubu ashirin da biyar ne. Yanzu mu ce wannan lemon shi ne duniya." Ya ɗauko ƙwayar wake ya ajiye kamu biyu da rabi daga lemon. "Ga wata. Mil dubu ɗari biyu da arba'in."

Wani tsoho ya ce, "Rana fa, Afandi?"

"Rana, ya ammi, girmanta kamar ɗakin nan, kuma sai ka ajiye ta can wajen ƙofar Harami. Mil miliyan casa'in da uku. Tauraron Zuhal mai zobe yana hanyar Mina. Akwai wani can gaba da Muzdalifa. Na ƙarshe da aka gano, ƙarami, yana dab da Arfa. Duk tsakaninsu kuwa babu komai. Ba rijiya, ba zango, ba inuwa."

Aka yi ta salati. Ni kuwa abu ɗaya ne ya faɗo mini. Na ce, "Afandi, daga ƙasar Haɗeja zuwa nan fa?"

Ya juya lemon, ya ɗora farcensa. "Da kwane-kwanen hanya, a ce mil dubu uku. Faɗin farcen nan." Sa'an nan ya ƙara da cewa, "Amma wanda ya taka shi da ƙafa, wallahi namiji ne, Allah ya karɓa masa." Wannan ta ƙarshen na bar ta a kan teburin gahawa, ban ɗauko ba.

Kashegari da hantsi na shiga gidan Gani. Ya dawo hutawa, yana cin ɗumame. Shatu tana gefe tana jera hajarta, don kwalli take sayar wa alhazai, kowane tandu da ɗan tsinkensa na shafawa.

Na ce, "Ɗan gwaggo, sannu da hutawa. An auna tafiyarka."

"Wa ya auna?"

"Isa Afandi, a gaban mutum ɗari. Ya ce duk wahalar nan da kake cika mana kunne da ita, mil dubu uku ce."

Ya tsayar da loma. Shi zango ya sani, da taku, da yinin raƙumi. "Mene ne mil?"

Kafin in buɗe baki, Shatu, baiwar Allah, ta ɗaga tsinken kwalli ɗaya. "Ba wannan ba ne? Larabawa in sun zo saye, mil suke ce masa."

Gaskiyarta, haka suke ce masa. Kalma ɗaya ce, abu biyu. Na dubi tsinken, tsawon yatsa, na dubi fuskar Gani. Shaiɗan bai ma sha wahalar raɗa mini ba. Na ce, "Shi fa."

Gani ya wanke hannu, ya karɓi tsinken, ya fita, ya durƙusa a bakin ƙofarsa, ya fara aunawa. Ya ajiye, ya ja layi da yatsa, ya ɗaga, ya ajiye. Ƙato kamar ƙofar gari yana rarrafe a lungu cikin ranar da ke soya ƙwai, ni ina bayansa ina ƙirga masa da ƙarfi. Masu shaguna suka fito, mata suka leƙo ta taga. Na riƙa sanarwa: "Ku ba da hanya, ya shiga Barno! Ga shi nan a Abashe!" Mutane har da riƙe ciki. Ya tashi ya yi azahar, ya dawo kan layinsa. Dab da la'asar dubu uku ta cika, ko bazan bai kai ba.

Ya miƙe, gwiwoyinsa sun sale suna jini. Ya waiwaya, ga ƙofar gidansa can ana hango ta. Ya ce a hankali, "Wato daga ɗakina zuwa nan." Ya nuna wani wuri a baya. "Wato Inna tana kwance a ƙofar mai gawayi."

Na daina dariya. Na yi niyyar faɗa masa, Allah ya sani. Amma mutane suna dafa kafaɗata suna cewa yau na gama da su, abin ya yi mini daɗi. Na ce a raina gobe da safe.

Goben kuwa na makara. Isa Afandi kullum ta bakin bazan yake bi zuwa makaranta, yakan tsaya ya sha ruwa a hannun masu ruwa. Ina isowa na hango shi da littattafai a hamata, Gani kuma yana sauke garwa a hankali, yana zare sanda daga igiya.

"Kai ne Afandi mai awon duniya?"

"Na'am, ya ammi."

"Ni ne na zo daga Haɗeja. Tafiyata mil nawa ce?"

Isa ya yi murmushi, ya ji daɗi an tambaye shi abin da ya sani. "Masha Allah, kai ne? Dubu uku, ya ammi. Wataƙila ma ba ta cika ba."

Na yi ihu, amma sanda ta riga muryata. Ta same shi a muƙamuƙi, ƙarar kamar an fasa tulu. Tabarau ya yi sama, littattafai suka watse cikin taɓo. Ya faɗi a kan dutsen bazan, jini da haƙora suka zubo inda ake ajiye garwa. Gani ya ɗaga shi da wuyan riga da hannu ɗaya, ya zaro tsinken kwalli ya kai masa dab da ido. "Auna! Ga shi nan, auna mini kabarin uwata!" Isa yana kallon tsinken, haɓarsa ta karkace gefe, bai san me ake nufi ba. Gani ya sake maka shi da bango. Mutum shida suka rataye a jikinsa kafin ya sake shi.

Kafin azahar labari ya kai Jarwal. Bayan la'asar suka iso, wan Isa a gaba, Hassan mahauci, kowa da shun, wato kulkin nan mai kai kamar gwiwar bijimi. Na sha faɗin cewa su ɗari biyu ne. Tun da yau rubutu nake, su ashirin da 'yan kai ne. Masu ruwa suka zare sanduna, don ba a shigo wa bazan da makami a zauna. Ba sallama, ba tambaya. Itace ya riƙa haɗuwa da ƙashi. Na ga an fasa wa wani goshi, fatar ta sauko ta rufe masa ido, yana ta kai duka bai san wa yake duka ba. Na ga an kifa wa wani garwa a ka ana buga ta kamar ganga. Wani ya ciji kunnen wani ya tofar. Ruwa ya malale, ƙasa ta zama jan taɓo, mutane suna zamewa ana tattaka su. Jakin wani mai gawayi ya tsinke ya bi ta kan mutum uku. Daga soraye mata suna jefo toka da tukwane, ba su damu da kan wa za su sauka ba.

Duk wannan ta ƙarƙashin bencin mai shayi na gan shi, inda na shiga don in samu kallo mai kyau.

Gani yana tsakiya, ya kayar da huɗu. Sai Hassan ya zagayo ta baya, ya ɗaga shun da hannu biyu kamar zai sare wuyan raƙumi, ya sauke masa a kafaɗar dama, daidai inda sanda ke zama. Na ji ƙashin ya ce ƙas daga inda nake. Hannun ya saki, ya yi lilo. Gani ya durƙusa, Hassan ya ƙara masa a haƙarƙari sau biyu. Da askarawa ba su iso da bulala ba, da a nan za a yi masa wanka.

Dattawan unguwannin biyu suka roƙi hukuma a bar su su kashe wutar da kansu. Rana ta uku da safe Shehu Mukhtaru ya shimfiɗa farwa a bakin bazan. Mutanen Jarwal a gefe ɗaya, namu a ɗaya, kusan kowa da tsumma a ka. Aka zaunar da Isa a kujera, an ɗaure masa haɓa har ƙeya, ba ya iya magana. Gani yana ƙasa, hannu a rataye a wuya. Sandarsa tana kan cinyar Shehu.

Shehu ya ce, "Ya Gani, me malamin nan ya yi maka?"

Gani ya ajiye tsinken kwalli a kan buzu. "Ya ce tafiyata wannan ne sau dubu uku. Na auna. Ko nan ba ta kawo ba."

Isa ya zaro ido. Ya fizgi allon dutse daga hannun wansa ya yi rubutu da sauri. Shehu ya juya allon sama da ƙasa, ya duba jama'a. Masu ruwa da mahauta ne, ba mai karatu. Sai idonsa ɗaya ya sauka a kaina. "Idrisu, kai ka yi makaranta. Karanta."

Na karɓa. An rubuta: Mil na hanya taku dubu biyu ne. Wa ya ce masa tsinken kwalli ne?

Na yi gyaran murya. Na ce, "Ya ce... ya ce rana ta yi zafi, a taƙaita."

Isa ya buga ƙafa a ƙasa yana gurnani ta hanci. Shehu bai kula ba, ya ɗaga sandar, ya kafa gwiwa a tsakiyarta, ya fara ja. Gorar ta fara ƙara. Na dubi Gani. Mutumin da aka karya wa ƙashi bai yi ko tari ba, yanzu ya rufe ido.

Na ce, "Tsaya, ya Shehu! Ba haka aka rubuta ba." Na karanta gaskiya, da amsar tambayar, har da maganar da na bari a teburin gahawa, cewa Afandi ya ce wanda ya taka hanyar nan namiji ne.

Gani ya buɗe ido, ba ni ya kalla ba, Isa ya kalla. "Taku dubu biyu, sau dubu uku. Nawa ke nan?"

Isa ya rubuta, na karanta, wannan karon ba ƙari: "Dubu sau dubu, har sau shida."

"To duniyar duka?"

"Irin tafiyarka takwas, da ɗan ƙari."

"Ba rabi ba."

"Ba rabi ba."

"Rana?"

"Irin tafiyarka dubu talatin da ɗaya."

Sa'an nan Gani ya ja gwiwa har gaban kujerar Isa, ya ɗaga haɓarsa, ya ce wa Hassan, "Ga tawa. Daidai inda na sa masa." Hassan ya miƙe da saurinsa, Isa ya riƙe masa riga, ya girgiza kai.

Shehu ya ce, "Malami ya yafe nasa. Ni ban yafe nawa ba, don na faɗa a gaban mutane." Ya ja da ƙarfi. Sandar ta karye biyu, ya jefar a gaban Gani. "Kai da bazan har abada." Daga bayan katanga na ji kukan Shatu.

Sai Shehu ya juyo gare ni. "Kai kuma."

Na ce, "Ya Shehu, ni ba mai ruwa ba ne. Farwa ba ta hau kaina ba."

"Sahih," in ji shi. Ya sa aka kawo sabuwar gora, ya ɗora mini a kafaɗa da hannunsa. "Yanzu ka zama. Gurbi na uku naka ne, abin da sandar nan ta samo na gidan Gani ne, kai ka ci abin da Shatu ta zuba maka. Ku kwantar da shi."

Arba'in aka yi mini. Mutanen Jarwal suka roƙi alfarma a ba su goma daga ciki, aka ba Hassan. Na ashirin na daina ihu da Larabci na koma Hausa, na talatin na kira gwaggo Ramlatu wadda ban taɓa gani ba. Kwana tara a kife na yi barci, rana ta goma na ɗauki ruwa.

Shekara takwas ke nan. Kafaɗar Gani ta ɗinke a karkace, ko buta ba ya ɗagawa da dama. Isa ya koma aji, yana magana ta gefen baki, nama kuwa sai an daka masa. Kowace safiya Shatu tana dama kunun gyaɗa, Gani ya ɗauka da hagu ya taka har Jarwal ya kai masa, su zauna a zaure. Can ya koyo sunayen taurarin nan duka, da nisan kowanne, ya fi ni riƙewa. Bai sake dukan kowa ba.

Gurbin yana nan, na uku, ban bari ya ja baya ko sau ɗaya ba. Daga cikinsa aka aurar da 'ya'yansa biyu, saura biyu. Kafaɗata ta yi kanta, wuyana ya karkace hagu, yatsuna sun yi kaurin da alƙalami ke zamewa, shi ya sa rubutun nan ya ci mini wata uku. Gidajen da Gani ya bar mini kuwa duk a kan dutse suke, mafi ƙanƙanta hawa huɗu, kuma na saman ne suka fi kowa wanka. Akwai wata Hajiya Ummulkhairi a hawa na shida da ke aurar da jika ranar Alhamis. Ta aiko a kai mata garwa ashirin da huɗu kafin azahar.